Tsarabar Kaka

Ranar da aka sallaci Kaka a Harami bayan azahar, aka wuce da ita maƙabartar Ma'alla, mu mata muna gida kamar yadda ake yi a nan. Ban ga kabarinta ba. Abin da na gani shi ne mutanen da suka cika hoshinmu na unguwar Misfala a Makka, wato tsakar gidan da muke zaune da maƙwabta, kuma da su zan fara, don a bakinsu na soma gane girman rashin da muka yi.

Tsofaffin da suke sayar da hatsin tattabaru tare da ita a bakin Harami su suka fara isowa, da farantansu a ka, ko gida ba su biya sun ajiye ba. Babbarsu ta zauna ta yi kuka mai isarta, ta share ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "Allah Ya ji ƙanta. Tun da nake da ita ba ta taɓa barina na kai ƙarshen maganata ba." Sai ga mata suna dariya hawaye na zuba. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta shigo da gahawa, ta rungume Inna, ta ce da Larabci, shekara da shekaru katanga ɗaya ta raba su, tana yi wa Kaka Larabci Kaka na mayar mata da Hausa, kuma ba su taɓa kasa fahimtar juna ba sai ranar da suka ga dama. Mai kawo mana ruwa ya cika randunan gidan ba wanda ya aike shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a ya tafi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce matar ɗakin ƙarshe. Mutuniyar Damagaram ce, ta zo aikin hajji da mijinta suka zauna, ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, wankau take yi wa alhazai. 'Ya'yanta mata ne, kuma ba makarantar da za ta karɓe su ba tare da takarda ba. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta jira har mutane suka ragu, ta matso kusa da ni, ta ce a hankali, "Yaya haƙuri? To, yanzu shi ke nan tsarabar?"

Ni an yi mini aure na koma unguwar Ka'akiyya, na bar makaranta. A gidanmu mutum ɗaya ya rage mai zuwa madarasa, ita ce ƙanwata, autarmu. Ni da matar muka waiwaya a tare muka dube ta. Tana can tana zuba wa baƙi gahawa, ana yi mata gaisuwa da Hausa tana amsawa da Larabci, kamar yadda ta saba tun tana aji ɗaya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Ina tsoron wata rana a ce tsohuwa ce mai sayar da hatsi ta mutu a Misfala, a tsaya a nan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ita ma ba ta ambata. Baba ɗan farinta ne, don haka har ta koma ga Allah sunansa bai fito daga bakinta ba, "mai gidan nan" take cewa. Inna ita ce "'yar mutane". Ni ce "uwar surutu", kuma ban ga laifinta ba. Ƙanwata kuwa "ta ƙarshe".

Da ƙafa Kaka ta zo ƙasar nan, daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ita da kakanmu da Baba yana goye. Sun yi noma a hanya, sun yi ƙwadago a Sudan, suka haye ruwa. Kakanmu bai daɗe da sauke farali ba ya rasu, ita kuma ba ta koma ba. Ba ta cika ba da labarin tafiyar ba. Abu ɗaya take maimaitawa: ranar da za ta fito, ƙanwarta ta biyo ta har bayan gari tana cewa, "Yaya, ki kawo mini tsaraba." Kaka takan ce, "Ga ni a garin da duniya take zuwa sayen tsaraba, ni ban kai wa kowa ko zobe ba." Tana faɗi tana dariya, amma ba ta duban mutum in tana faɗi.

Ina cikin 'yan matan unguwarmu na farko da aka sa a makarantar gwamnati, a farkon shekarun sittin, lokacin da aka fara buɗe wa mata. Mu an haife mu a nan, Baba ya samu takardar zama ɗan ƙasa, don haka ƙofa a buɗe take gare mu. Surutu kuwa an sha shi a hoshin. Wasu suka ce za a mayar da mu Larabawa, wasu suka ce mace da boko sai lalacewa. Kowa ya zaci Kaka ce za ta fi kowa ƙi, sai ga ta ta ɗinka mini jaka da hannunta.

Ranar farko na dawo da rana tsaka, ga yunwa ga ƙishi, na nufi ɗaki. Tana zaune a kan 'yar kujerarta a inuwar katanga, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga hatsi.

"Ke, uwar surutu, daga ina?"

"Daga madarasa, Kaka."

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa."

"To tafiya ke nan kika yi. Ina tsarabata?"

Na buɗe jaka na nuna mata babu komai sai littafi da fensir. Ta ce ita ba ta cin takarda. Abin da aka zuba mini a kai shi take so, in juye mata. Na gyara tsayuwa na fara rera mata abin da abla, wato malamarmu, ta koya mana, da Larabci tsaf kamar yadda aka ba mu. Ban kai ko'ina ba na ji ƙwayar hatsi ta sauka a goshina.

"Ban ji ba," in ji ta.

"Kaka, ai kina jin Larabci."

"Na kasuwa nake ji. Wannan naku sai an dafa mini shi da Hausa, haƙorana ba su da ƙarfi."

A ranar na gano cewa ban gane rabin abin da na haddace ba. Jimla tana bakina sumul, amma da aka ce in faɗe ta da harshen gidanmu sai na tsaya ina kallon sama. Kaka ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta iya tambaya mai ƙure mutum. "Don me?" "Wa ya ce?" "To in aka juya fa?" Washegari dole na buɗe kunne a aji da kyau, don na san akwai mai jirana da faifai.

Ba a yi nisa ba ta lura da 'ya'yan matar ɗakin ƙarshe suna leƙe daga bayan igiyar shanya. Ta yafuto su. Ta ce tsaraba in ta shigo gida ta kowa ce, ba a ci a ɓoye. Daga nan sai 'ya'yan wasu marasa iƙama suka fara zuwa daga lungunan kusa, har da wasu da uwarsu take kawowa daga wajen unguwar Kudai. Bayan la'asar za a shimfiɗa tabarma, Kaka a kan kujera, ni a tsaye, su a zaune. Katangar hoshin ita ce allonmu, gawayin murhun Inna shi ne allinmu, Inna tana mita tana ba mu. Baƙaƙen Larabci muke rubutawa, lissafin Larabci muke yi, amma bayani duk da Hausa. Duk wanda ya jefo kalmar Larabci alhali akwai ta Hausa, hatsi ne a goshi. In kuwa an duba an rasa ta Hausar, Kaka takan ce, "To bar ta, baƙuwa ce, a ba ta wuri."

Kada a ɗauka ita mai sauƙin koyarwa ce. Ranar da na kawo darasin ƙwayoyin cuta, na ce akwai wasu halittu a cikin ruwa da ido ba ya gani, sai ta ajiye faifai. Ta ce ta sha ruwan tafki, ta sha na rijiya, ta sha wanda raƙumi ya tsoma baki, ga ta nan daram. Ta ce a gaya wa abla ta nemi wani abin tsoratar da yara. Muka yi ta musu har aka kira magariba. Bayan kwana biyu na tarar da ita tana tafasa ruwan da za ta dama wa jaririyar matar ɗakin ƙarshe koko, har da wanda za a ba ta ta sha. Na tsaya ina murmushi. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Wutar ce ta rage, na ga kada ta tafi a banza."

Darasin da ta fi so shi ne na ruwan sama. A nan ruwa ba ya zuwa sai a shekara sau ɗaya ko biyu, in ya zo kuma sai ya gangaro Misfala da fushi ya shiga ɗakuna. Duk ranar da aka taɓo hadari, Kaka takan karɓe darasin daga hannuna. Sai ta ba mu labarin damina, yadda gabas take haɗewa, da ƙanshin ƙasa a ruwan farko, da yadda gero yake rufe mutum har ba a ganin kansa. Yaran da ba su taɓa ganin gona ba su yi tsit. Ta koya musu waƙar da ake yi in ana shuka, tana buga faifai. A irin wannan rana mu ne muke karɓar tsaraba.

Yanzu sai maganar ta ƙarshe, wadda ita ce ciwon da Kaka ta tafi da shi.

Ƙanwata ita ce 'yar lelen Kaka. A bayanta ta girma, a kwanonta take ci. Da lokacin shigarta madarasa ya yi, Kaka ta yi mata kitso, ta shafa mata mai, ta yi mata huɗuba: in kin shiga, ki gaida malamarki yadda ake gaida manya. Yarinya kuwa ta yi yadda aka koya mata. Tana shiga aji ta je gaban abla ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai. Aji ya fashe da dariya. Abla ta ɗago ta da sauri, ta ce mata ba a durƙusa wa kowa sai Allah. Ba da mugunta ta faɗa ba, na san matar, ta koyar da ni. Amma yaran ba su bar maganar ba. In ta zo wucewa sai su zube a ƙasa suna kwaikwayonta, suna cewa Takruniya, sunan da suke kiran irinmu 'yan Afirka ta Yamma, ta yi musu yarensu su ji. Ni ban durƙusa ba a ranata ta farko don kawai tsoro ya sa na manta, kuma ban taɓa tunanin in gargaɗe ta ba, don ban san abin dariya ba ne.

Ta dawo ba ta yi kuka ba. Kaka ta ce, "Ta ƙarshe, ina tsarabata?" Yarinya ta dube ta ido cikin ido, ta ce da Larabci, "Ma abga, ya sitti." Wato ba na so. Ta shige ɗaki. Daga ranar Hausa ba ta ƙara fita daga bakinta ba, kuma ba ta ƙara cewa Kaka ba, sai sitti, yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran kakarsu. Kaka kuwa ta ce ita ba ta san wata sitti ba, a nemi mai sunan a gidan maƙwabta.

Da Baba ya ji abin da ya faru, ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi ma ya sha irin tasa. Ya nemi aiki a ofis an mayar da shi saboda harshensa, ya ƙare a kan keken ɗinki. Ya tara mu ya ce daga yau Larabci za a yi a gidansa, zaman la'asar kuma a tashe shi, ba zai bari 'ya'yansa su girma ana nuna su da baki ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Wannan ita ce rigima mafi girma da na taɓa gani a gidanmu, kuma an yi ta ba tare da uwa da ɗa sun dubi juna ba. Kaka ba za ta yi wa ɗan farinta magana kai tsaye ba, ko da faɗa ne. Suna zaune a tabarma ɗaya, sai ta juyo gare ni.

"Uwar surutu, ki gaya wa mai gidan nan, da wane harshe aka yi masa rarrashi a hanyar Sudan?"

Baba ya ce, "Ki ce mata na sani. Amma ba a Sudan yaran nan za su nemi abinci ba."

"Ki ce masa ni na ɗinka jakar makaranta, ba shi ba. Ban ce kada su yi Larabci ba. Su yi har su fi limamin unguwa. Amma in sun dawo su dawo."

"Ki ce mata an yi wa 'yata dariya."

Nan Kaka ta sunkuyar da kai, abin da ba ta saba ba. Can ta ce, "Wannan ni na jawo. Na aike ta da abin da ba a saye a kasuwarsu. Ki gaya wa ta ƙarshe gwiwa ta gida ce, a can ta tsaya a miƙe." Sai ta nuna ɗakin ƙarshe da haɓa. "Amma waɗancan fa? Shi yana da takarda, 'ya'yansa suna da abla. Su wa suke da shi? In ya rufe bakin 'yarsa, makarantarsu ya rufe."

Washegari Kaka ta fitar da 'yar tukunyarta ta kafa murhu a gefen hoshi, ta daina cin abincin gidan. Inna ta yi roƙo, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Ka'akiyya ta yi roƙo, a banza. Baba ya jure kallon uwarsa tana hura wuta da kanta na ɗan lokaci, daga baya ya kasa. Wata la'asar ya dawo daga shago da guntun allo baƙi da alli, ya jingina a katanga, ya wuce ɗaki. Kaka ta dubi allon ta ce da ni, "Ki gaya wa 'yar mutane ta sa da ni a tuwon yau."

Zama ya dawo, amma ta ƙarshe ba ta dawo ba. Kullum in an shimfiɗa tabarma Kaka takan sa a bar wuri a kusa da ƙafarta, ba mai zama a nan. Kullum takan ajiye 'yar gyaɗa a ƙarƙashin faifai, in an tashi ta ce da ni, "Kai wa Balarabiyar gidanku," wato ƙanwata. Kullum in yarinyar ta shigo daga madarasa sai Kaka ta tambaye ta tsaraba, ita kuma ta wuce ɗaki ta turo ƙofa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ba wadda ta gaji. Taurin kansu iri ɗaya ne, kowa a gidan ya san inda yarinyar ta gado shi.

Sau ɗaya na ga Kaka ta karya dokarta. Ƙyanda ta kama ƙanwata, jiki ya yi zafi har ba ta gane mutane. Da hantsi na shiga da ruwa, na tarar da Kaka ta ɗora kan yarinyar a cinya tana shafa mata goshi, tana yi mata magana da Larabci, Larabcinta na kasuwa mai karyayyen baki, tana ce mata sannu 'yata, sittinki ce, ga ni nan. Da ta gan ni sai ta haɗe rai ta ce, "In kika faɗa wa wani sai na ci mutuncinki." Ban faɗa ba sai yau, kuma na san ta yafe.

Da aka yi mini aure zaman ya fara rauni. Nakan zo ranar Alhamis in maimaita musu tsofaffin darussa, amma abin da na sani ya ƙare, manyan cikinsu sun kamo ni. Babbar 'yar matar ɗakin ƙarshe har tana karanta wa maƙwabta abin da aka rubuta a kwalbar magani. Sabon karatu yana cikin jakar ƙanwata, a bayan ƙofa. A zuwana na ƙarshe kafin Kaka ta kwanta, na ce bari in yi wa yarinyar faɗa. Ta ce, "Kul. Tsaraba ba a ƙwace ta." Ciwon nata bai yi tsawo ba. Ta cika da safe, bayan ta sha kunu ta ce ya yi ruwa.

A rana ta uku da rasuwarta Gwaggo ta tayar da maganar wasan jikoki. A can gida, in tsoho ya mutu ya bar jikoki, su ba kuka ne aikinsu ba. Sukan sa kayansa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su ba mutane dariya, don a san ya rayu ya ga zuriya. Baba ya ce a'a, nan Makka ce, maƙwabta za su ce mun haukace, malamai su ce bidi'a. Gwaggo ta ce, "Yaya, tsohuwar nan ta bar ƙasarta, ta bar danginta, ba ta koma ba. Wannan ɗin ma a hana ta? A rufe ƙofa, mu mata ne." Baba ya ɗauki hularsa ya fita waje wurin maza, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bayan la'asar aka turo ƙofar hoshi. Gwaggo ta fito da zanen Kaka na saƙi da ɗankwalinta da faifan, ta miƙo mini, ni ce babba. Na karɓa, ƙanshinta ya buge ni, sai na durƙushe ina kuka. Jikoki ba sa kuka, in ji Gwaggo, amma na kasa. 'Ya'yan Gwaggo suka noƙe, Hausarsu ba ta kai ba. Zane yana hannuna an rasa mai ɗaurawa. A can bakin igiyar shanya kuma ga 'yan tsaraba, yaran zaman la'asar, sun taru, don lokacinsu ne, ƙafa ta kawo su, sun tsaya ba su san ko su zauna ko su koma ba.

Sai na ji an zare zanen daga hannuna.

Ƙanwata ce. Ta ɗaura shi a ƙirji yadda Kaka take yi, ta turo ɗankwali gaban goshi, ta dafa ƙugu, ta taka a hankali tana jan ƙafar hagu har kan kujera. Ta zauna da nishi, ta ɗora faifai a cinya, ta ƙanƙance ido ta dubi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta buɗe baki.

"'Yar mutane, wannan kunun naki ruwa ne ko wanka za a yi da shi?"

Muryar Kaka ce sak, da Hausar Kano tsantsa, har da yadda take jan ƙarshen magana. Inna ta dafe ƙirji. Tsofaffin masu hatsi suka kwashe da dariya har da tafi. Ta juya kan babbarsu, matar ta buɗe baki za ta yi magana, ta katse ta, "Bar shi, na san ƙarshensa." Ta jefe ni da hatsi a goshi ta ce ban ji ba. Ta ce wutar ce ta rage. Ta yi waƙar shuka tana buga faifai, ba ta tsallake baiti ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan ƙofar ɗakin turawa kawai ake yi, kunne yana jikinta.

Ba wanda ya ce wa 'yan tsaraba su zauna. Suna jin an buga faifai suka jawo tabarma suka shimfiɗa, kowa ya zauna a wurinsa, suka bar wurin nan na kusa da ƙafar kujera kamar kullum. Dariya ta fara lafawa. Ƙanwata ta dubi wurin da aka bari, ta daɗe tana dubansa. Sai ta ce, har yanzu da muryar Kaka:

"Ta ƙarshe, daga ina? Ina tsarabata?"

Ta tashi, ta kwance zanen, ta ninke shi ta ɗora a kan kujera, ta ɗora faifan a kai. Ta zagayo gaban kujerar ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta ce da muryarta ta kanta, "Kaka, na dawo."

Sannan ta miƙe ta ɗauki alli. Da muryar Kaka Hausa zuba take yi, amma da tata muryar sai ta zama ta mai koyon tafiya. Darasin ruwan sama ta ɗauko, na ajinsu, wanda ya fi nawa zurfi. Ta zana teku, ta zana rana, ta ce rana tana dafa ruwa, sai wani abu ya tashi sama. Nan ta tsaya. Ta faɗi kalmar da Larabci, ta girgiza kai, ta dube ni, ni kuwa kuka ya hana ni magana. Yara suna jira.

"Tururi," aka ce daga bakin ƙofa.

Baba ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, hularsa a hannu, gemunsa ya jiƙe.

"Tururi ake cewa. Ci gaba."

Ta ci gaba. Matar ɗakin ƙarshe ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

An yi arba'in ɗin Kaka a makon da ya wuce. Kujerar tana nan a inuwar katanga, ba mai hawa. Bayan la'asar ana shimfiɗa tabarma, ƙanwata tana juye abin da ta kawo, in ta jefo Larabci inda akwai Hausa yaran da kansu suke jifanta da hatsi, tana zaginsu da harshe biyu. A madarasa a miƙe take gaida abla.

Ya Allah, baiwarKa ta zo ɗakinKa da ƙafa, ta mutu baƙuwa a maƙwabtakarsa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi da irin ruwan farkon damina da ta yi ta kewa. Ka haɗa ta da ƙanwarta da ta biyo ta bayan gari. Wannan karon ba hannu wofi za ta je ba.